Bakin Sallau da Aka Ɗaure da Waya

An yi wani mutum a wani ƙauye, tun zamanin da asibiti sai ka yi tattaki zuwa birni. Sallau sunansa. Manomi ne, ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, bawan Allah ne kawai mai cin guminsa. Ku saurara da kyau, jama'a, masu gyangyaɗi a baya ku farka.

Sallau yana da maƙwabcin gona, ana ce masa Barau. Sun daɗe suna jayayya a kan wani ɗan tsiri na ƙasa da ke kan iyakarsu. Wannan ya ce na ubansa ne, wancan ya ce na kakansa ne. Gaisuwa ma sai ta dole.

Wata damina aka kira gayya a gonar dagaci, su biyun duk suka je. Ana kiɗa ana huɗa, Barau ya ɗaga galma, ashe ƙotar ta bushe ta saki, bai jiƙa ta ba. Ƙarfen ya fice, bai zarce ko'ina ba sai muƙamuƙin Sallau. Ƙashi ya karye, haɓa ta tsage, jini kamar an yanka rago.

Aka kai shi birni. Likita ya yi masa allurar barci, ya yi masa tiyata, ya jera ƙashin, ya ɗinke fatar, sannan ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya don kada bakin ya motsa. Da Sallau ya farfaɗo, likita ya ce, "Malam, ka gode wa Allah. Da ƙarfen nan ya ƙara sauka kaɗan, babbar jijiyar wuya zai samu, da ba mu haɗu ba. Za ka warke, amma sai ka yi makonni ba tauna, ba magana."

Ba tauna, ba magana! Ku da ba ku iya shiru ko liman yana huɗuba, ku auna wannan.

A gida kuwa gari ya ɗauka: Barau da gangan ya yi. 'Yan'uwan Sallau suka tafi wurin dagaci suna huci. Dagaci ya ce, "Mutum ɗaya ne yake fuskantar Barau a lokacin, shi ne Sallau. Ba na yanke hukunci da kaɗa kai. In an kwance masa baki ya ce da gangan ne, Barau ya bar masa ƙasar da suke jayayya a kai, in miƙa shi ga alƙali."

Sallau ya dawo gida, matarsa Tabawa tana tace masa kunu yana zuƙa ta ɗan bututun roba. Ya rame, ƙamshin miya kawai yake ji yana haɗiyar yawu. Kullum yayansa Ilu sai ya zo ya zauna a gefen tabarma ya ce, "Ƙanena, Allah ne ya kawo mana. Kalma ɗaya za ka faɗa, ƙasar nan ta dawo gida. Wa zai ƙaryata ka? Dubi fuskarka!"

Kada ku ɗauka zuciyarsa ba ta raya masa ba. Ta raya masa, mutum ne. Ciwo yana cinsa, yunwa tana cinsa, ga ƙasar da ya daɗe yana so an ajiye masa a gaba. Amma duk sanda ya kai hannu ya shafa wuyansa ya ji lafiya lau, sai ya tuna maganar likita. Ya ce a ransa, "Allah ya bar mini raina, zai kuma mayar mini da bakina. In karɓe shi in fara da ƙarya?"

Ranar da aka cire wayar, da ya dawo daga birni, ƙofar dagaci ta cika. Barau yana durƙushe, idanunsa sun faɗa, 'ya'yansa suna leƙe daga nesa. Dagaci ya ce, "Sallau, baki ya buɗe?"

Da ƙyar muƙamuƙin ya motsa. Murya ta fito a shaƙe, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi." Hawaye suka zubo masa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, tsautsayi ne. Ina kallonsa, ƙasa ya nufa, ƙarfen ne ya fice. Kuma da na faɗi, kafin kowa ya iso, shi ya tuɓe rigarsa ya danne mini jinin. Maganar iyaka tana nan, za mu yi ta wata rana da shaidu. Amma ba zan ci ta da wannan ba."

Ilu ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Barau ya fashe da kuka, ya kama hannun Sallau. Sallau ya ce, "Tashi, maƙwabci. Tabawa ta tuƙa tuwo mai laushi, yau zan fara ci. Zo mu sa hannu tare."

To, jama'a, darasin a fili yake. Wanda ya san ni'ima daga Allah take, ba ya saɓa masa da ita. Godiya ba a fatar baki take tsayawa ba, tana cikin abin da ka yi da kyautar da aka ba ka. Kai da kake zaune nan, yau ka tauna goro, ka yi hamma, ka kira sunan ɗanka, ba likita, ba waya, ko ka gode? Me ka faɗa da bakin nan tun safe? Wa ka yi wa shaida, wa ka ci namansa? In akwai wanda ka yi wa ƙazafi, kada rana ta faɗi ba ka je ka wanke shi ba. Allah ya sa mu cikin bayinsa masu godiya, ya tsare mana harsunanmu. Amin.