Muryar da Injiniya Ya Goge

Akwai wani mai haɗa sautin waƙa da kowa ke kira Injiniya. In an ɗauki murya da kiɗa, shi ke zama ya daidaita su, sannan ya yi musu gyaran ƙarshe da ake kira mastarin. Ya iya aiki, wannan ba a ja, amma girman kai ya yi masa katutu.

Ba ya aiki sai ya ƙure ƙarar sifika har gilashin sitidiyo na rawa. Kuma da ya gama waƙa sai ya goge ɗanyen rikodin, wato sautin yadda aka ɗauke shi tun farko, daga kwamfuta, wai kada wani ya sa hannu a aikinsa.

Dogo, mai kaɗa masa piyano tun shekara goma sha biyar, shi ya fara lura akwai matsala. Waya na ƙara a gaban Injiniya, ba ya ji. Shi kansa Injiniya ya daɗe yana jin wani siririn kuka a kunnensa kamar na sauro, dare da rana, amma bai faɗa wa kowa ba.

Ana cikin haka wani dattijon mawaƙi ya zo ya ɗauki waƙa, ta nasiha ga 'ya'yansa. Bayan mako biyu Allah ya yi masa rasuwa. Babbar 'yarsa ta zo da jajayen idanu.

"Injiniya, don Allah ka ƙarasa mana ita. Ba mu da muryar Baba mai kyau sai wannan."

"Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Aikin yana hannun gwani."

Da ya zauna, sai ya ji muryar a dushe, kamar an lulluɓe ta da bargo. Ya ƙara mata kaifi. Bai ji ta fito ba, ya sake ƙarawa. Dogo, da ke zaune a bayansa, ya yamutse fuska.

"Abokina, kaifin nan ya yi yawa, yana soka min kunne. Ka huta, gobe mu saurara a waya da cikin mota."

"Kai da piyano aka san ka. Yaushe ka fara koya min aikina?"

"To ko ɗanyen ka bari. Mai muryar nan ba zai dawo ya sake rerawa ba."

Injiniya ya yi dariya. A gaban idon Dogo ya fitar da waƙar, ya goge ɗanyen, ya share kwandon sharar kwamfutar. Dogo ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari 'yar marigayin ta zo da ƙannenta biyu. Aka kunna. Muryar mahaifinsu ta fito tana tsiwa da ƙaraji kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Ƙaramar cikinsu ta toshe kunne ta fashe da kuka.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne, Injiniya yana zaune yana gyaɗa kai. Shi a kunnensa waƙar lafiya lau take. Sai da ya waiwaya ya ga fuskokinsu sannan ya gane akwai matsala.

"Wannan ba Baba ba ne," in ji babbar. "Ba mu yadda ya rera ta tun farko, ko ba kiɗa."

Ya dubi kwamfuta, ya dubi ƙasa.

Daga baya an yi ta ƙoƙarin rage kaifin, amma muryar ta riga ta fashe. Likita kuma ya gaya masa kunnensa ya daina kama siraran sauti, kuma ba za su dawo ba. Duk wannan bai kai masa zafin abin da babbar 'yar ta faɗa a bakin ƙofa ba, cikin sanyin murya:

"Allah ya isa, Injiniya. Sau biyu ke nan muna rasa Baba."

Darasi: Komai gwanintarka, ka saurari wanda ke jin abin da ba ka ji, kuma kada ka yi gaggawar abin da ba ya gyaruwa, balle a kan amanar wani. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya tsaya kafin ya danna gogewa.