Ranar da Fasto Enoch Ya Ari Masu Sujada

Akwai wani fasto da ya taɓa zama a Jikwoyi, sunansa Enoch. Ku karanta labarinsa har ƙarshe kafin ku yanke masa hukunci, don na san halin wasunku a shafin nan, layi biyu kuke karantawa ku garzaya wurin sharhi.

A shekarun da aka koma mulkin farar hula, Abuja tana cika tana batsewa, ɗarikarsu ta turo shi ya kafa sabuwar majami'a. Ba a ba shi fili ba, balle gini. Daga shi sai matarsa Christina, sai tabarma biyu.

Wata tsohuwa mai toya ƙosai a bakin hanyar Karshi, Mama Luba, ita ta buɗe musu ɗakinta. Mutum bakwai suka yi sujadar farko, tsakanin gadonta da buhun wake. Daga baya suka samu shagon da wani kafinta ya tashi daga ciki, suka share, suka jera benci goma.

Mutanen da suka taru wurin Enoch ba manya ba ne. Masu gadi ne, da direbobi, da masu sharar ofis, da mata masu aikin gida a Wuse. Kusan kullum a makare suke zuwa. Wani sai mai canjinsa ya iso, wata sai ta gama wa oga abincin safe. Enoch ya saba da su, yakan yi ta jan waƙoƙi har su hallara.

Ana shekara uku a haka sai takarda ta zo daga gunduma, wato ofishin da ke kula da majami'un ɗarikar a yankin. Sabon sakatare, Rabaran Ɗangoggo, zai zo sujada ranar Lahadin ƙarshen wata. In ya tarar da masu baftisma hamsin, za a mai da wurin cikakkiyar majami'a. In ba su kai ba, za a rufe, kowa ya koma babbar majami'a ta Nyanya.

Enoch yana da talatin da huɗu. Ya ƙirga daga sama, ya ƙirga daga ƙasa, har da wadda ta tafi gida haihuwa, talatin da huɗun dai ne.

Tsoro ya kama shi sosai. Ya san gwiwar Mama Luba ba za ta kai ta Nyanya kowace Lahadi ba. Ya san mai gadin da ya sauka aiki ƙarfe takwas ba zai sake hawa mota ba. In aka rufe wurin, mutanen nan watsewa za su yi. Abinci ya daina shigarsa, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

A majami'ar akwai mutum ɗaya tak mai mota, Dattijo Kure, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya. Shi ya samu Enoch bayan addu'ar Laraba.

"Baba Fasto, a kan ɗan wannan abin kake ramewa? Nan fa Abuja ce. Mu a ofis in manya za su zo, kujeru da furanni aro muke yi, in sun tafi a mayar."

"Mutane ba furanni ba ne, Dattijo."

"'Yan garinmu suna nan da yawa a Uke. Duk Kirista ne, duk masu baftisma. Bas zan tura ta kwaso su, su yi wa Allah sujada su koma. Ina ƙaryar a nan?"

Enoch bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba. Kure kuwa ya san ma'anar irin wannan shirun, ya fita yana latsa waya.

Da Christina ta ji, ajiye ludayin hannunta ta yi.

"Baban Hasana, in Rabaran ya tambaye ka sunansu fa?"

"Ba zai tambaya ba. Kawuna zai ƙirga."

"To mutanenmu, ka gaya musu?"

"In gaya musu me? Ai don su nake yi."

"Ni dai gabana faɗuwa yake yi," in ji ta. Ya tashi ya bar mata ɗakin, don shi ma nasa gaban faɗuwar yake yi.

Ranar Lahadi, ƙarfe takwas bai cika ba sai ga bas biyu sun tsaya. Mutum ashirin Kure ya nema, amma labari ya bazu a Uke cewa akwai shinkafa bayan sujada, sai arba'in da biyar suka zo. Sun sha ado kuwa, mata da ɗaurin kai kamar masu zuwa biki. Kafin Enoch ya gama gaisawa da direbobi, benci goma sun cika, har ana matsa wa juna.

Wajen ƙarfe tara masu wurin suka fara isowa, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka saba. Wannan da rigar gadi a jikinsa, waccan da warin albasa a hannunta. Kowa ya leƙa sai ya ja baya, ya ɗaga kai ya duba allon da ke saman ƙofa, ko ya yi ɓatan hanya ne.

Mama Luba ta iso tana dogara sanda. Wata daga cikin 'yan Uke, wadda ta naɗa kanta mai tarbar baƙi, ta tare ta da murmushi.

"Sannu Mama. Baƙuwa ce? Ki yi haƙuri, ciki ya cika. Ki tsaya daga waje, za ki ji komai."

Tsohuwar ta dube ta. Ta koma jikin bango ta tsaya, inda ko inuwar kirki babu.

Shi kuwa Dattijo Kure yana can bakin titi cikin babbar riga, yana jiran babbar mota. Bai san motar Rabaran ta mutu a Karu ba. Rabaran ya kira Fasto ya ji waya a kashe, sai ya tare ɗan acaɓa. Ta gaban Kure suka wuce, wani mutum cikin koɗaɗɗen kaftani da jaka a hammata, Kure ko kallo bai ishe shi ba.

Rabaran ya isa ya ga ba hanyar shiga, sai ya tsaya cikin 'yan waje. Ba wanda ya san shi, tunda sabo ne. Ya matsa kusa da tsohuwar.

"Mama, lallai Allah ya yi muku albarka. Majami'a ta cika har waje."

"Bawan Allah, daga gani ba ɗan unguwar nan ba ne kai. Na ciki ba namu ba ne. Mu da ke waje mu ne masu wurin."

"To su wa ke ciki?"

"An ce wani babba zai zo duba mu. Ina ga Fasto ya ga ba mu da kyan gani, shi ya sa ya aro masu tufafi."

Wani mai gadi da ya kwana a tsaye ya yi tsaki. "Mama, mu tafi gida kawai. Wannan wulaƙanci ne."

"Ba inda za mu," in ji ta. "Fasto ka zo yi wa sujada? Tsaya a nan."

Mai gadin ya tsaya. Sauran ma suka tsaya. In an ɗauki waƙa a ciki sai su amsa daga waje, rana tana dukansu, Rabaran yana tsakiyarsu yana share gumi da hula.

A ciki Enoch yana cikin wani hali. Ƙarfe goma ta yi ba Rabaran. Ya sa aka maimaita waƙa ɗaya sau uku. Goma da rabi, 'yan Uke suka fara hamma, wani a benci na biyu ya tambayi na kusa da shi ko shinkafar ta iso, har Enoch ya ji. Dole ya fara wa'azi, bakinsa yana magana, idonsa yana kan ƙofa.

Yana tsakiyar wa'azin sai ya ga mutane suna buɗa hanya. Mai koɗaɗɗen kaftanin nan ya shigo. Sau ɗaya Enoch ya taɓa ganinsa a gunduma, amma nan take ya gane shi. Ya dakata da wa'azin, ya dafa tebur.

"Ci gaba, Fasto," in ji Rabaran. "In ka gama ka gabatar mini da jama'arka."

Enoch bai san yadda ya ƙarasa ba. Da aka ce amin, Rabaran ya nuna wani mai furfura a bencin gaba.

"Wannan dattijon, yaya sunansa?"

Christina ta sunkuyar da kai. Enoch ya ce cikin muryar da ba ta fita sosai, "Baba Rabaran, ban san shi ba. Aro na yi. Nawa suna waje."

Rabaran bai ɗaga murya ba. Ya yi wa 'yan Uke godiya, ya roƙe su su fita su ba masu wurin benci. Masu gadi da direbobi da 'yan aikin gida suka shigo, rigunansu sharkaf da gumi. Shi da kansa ya riƙe hannun Mama Luba ya zaunar da ita. Sannan ya ƙirga su, ya samu talatin da uku.

"Ba su kai hamsin ba," in ji shi. "Amma na tsaya da su fiye da awa guda a rana, an ba wasu wurin zamansu, kuma ko ɗaya bai tafi ba. Zan koma in gaya wa kwamiti abin da idona ya gani. Ba za a rufe wurin nan da hannuna ba." Ya juya wurin Enoch. "Majami'a za ta tsaya. Kai ne ba na jin za ka tsaya."

Haka kuwa aka yi. Bayan sati biyu takarda ta zo. An ƙara wa majami'ar shekara biyu, an turo wani fasto, shi kuma Enoch an kira shi gunduma ya zauna shekara guda ba wa'azi. Dattijo Kure tun ranar bai sake taka unguwar ba, an ce Nyanya ya koma da sujada.

Da safen da za su tashi, Enoch ya je wurin Mama Luba a bakin titi. Ya durƙusa kusa da murhunta, masu sayen ƙosai suna kallo.

"Mama, ki yafe mini. Wallahi ba don tufafinku ba ne. Tsoro na ji kada a rufe muku."

"Na yafe, ɗana. Tashi, ƙasa da datti."

Bai tashi ba. Ta juya ƙosai, ta kwashe, sannan ta ce, "Tsayuwar ba ta dame ni ba, a tsaye nake yini. Addu'arka ce ta tsaya mini a rai. Ka ce, 'Ubangiji, na gode da wannan iyali da ka ba ni.' Kana faɗa kana kallon mutanen da ba ka san sunansu ba. Muna waje muna jin ka."

Enoch ya rufe fuska da hannu.

"Kuma duk muka ce amin," in ji ta.

Darasi: Kada tsoron a ce kai ƙarami ne ya sa ka ture waɗanda suka tsaya da kai tun kana ba komai. Kaɗan na gaskiya sun ishe ka a gaban Allah da gaban mutane, cikar aro kuwa ranar da kake buƙatarta take tona ka. In kana jagorancin majami'a ko ƙungiya ko gida, ka nuna mutanenka yadda suke. Ku tura wa wani shugaba da kuka sani, wataƙila a satin nan yake shirin yin aro.