Ƙunshin da Ya Tona Asirin Marasa Lafiya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan garin Gombe, ba da daɗewa ba. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, danginsa ma suna nan. Allah ya hore masa ilimin rubuta manhajar kwamfuta, har ya buɗe ofishinsa a Dawaki. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba. Sallar jam'i ba ta wuce shi. Abin da ya halaka shi daban ne.

Wani likita mai suna Bawa yana da asibitin kansa a cikin gari, da wasu ƙananan ɗakunan gwaji a Kwadon da ƙauyukan kusa. Ya ba mutumin nan kwangilar haɗa masa manhaja, yadda duk sakamakon gwajin jini zai taho daga ƙauye zuwa kwamfutar asibiti nan take. Ranar da suka shirya, likita ya ce masa, "Abin da zai ratsa ta hannunka asirin mutane ne. Akwai wanda ko uwarsa ba ta san ciwonsa ba. Amana ce na ba ka."

Ya ce, "Likita, ka kwantar da hankalinka."

Bari in fayyace muku yadda abin yake. Idan kwamfuta za ta aika wa 'yar uwarta bayani, sai ta ɗaure shi kamar ƙunshi. Wadda ta karɓa ta kwance, ta maido shi yadda yake. Masu wannan sana'a ba sa rubuta komai da kansu. Akwai rubutun da wasu suka riga suka yi suka ajiye a intanet, suna ce masa laburare, kowa ya ɗauko ya haɗa da nasa. Laburaren da mutuminmu ya ɗauko yana da sauri, amma yana da wani mugun hali. Duk ƙunshin da ya iso sai ya kwance shi, bai tambayi wanda ya aiko ba. In kuma ya tarar da umarni a ciki, sai ya aikata. Waɗanda suka rubuta shi ma sun gargaɗi jama'a a fili: kada a ba shi ƙunshin da ba a san asalinsa ba.

Akwai wata ma'aikaciyarsa, Jacinta, 'yar Kaltungo. Ita ta ga gargaɗin. Saura kwana biyar a ƙaddamar da aikin ta same shi a teburinsa.

Ta ce, "Oga, don Allah ka duba wannan. Ƙofar da ɗakunan gwaji ke aiko mana saƙo a buɗe take ga kowa. Wani zai iya cusa umarni cikin ƙunshi, injinmu ya bi. Ka ba ni mako biyu in canja shi, mu riƙa tantance komai kafin a kwance."

Ya san gaskiya ta faɗa. Wannan shi ne abin tsoron, jama'a. Ba jahilci ba ne. Amma an riga an buga katin gayyata, an kama kujeru da rumfa, kuma ya ji nauyin a ce yarinyar da ya koya wa aiki ita ta gano kurensa.

Ya ce, "Yaushe kika fara koya mini sana'ata? Wa zai bar bankunan duniya ya zo neman wani ɗan asibiti a Gombe?"

Ta rubuto masa a rubuce. Ya amsa da layi ɗaya: a bar maganar. Da likita ya tambaye shi ko an bincika komai, ya ce, "Wallahi an bincika." Kafin wata ya ƙare ya ce wa likita wai Jacinta ba ta da ladabi, ya sallame ta daga ofishinsa.

Wata ɗaya ya wuce, shiru. Wata bakwai, shiru. Ana ta yabonsa, ana kiransa taro yana jawabi. Wani lokaci in ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai maganar ta faɗo masa a rai. Sai ya ce gobe zai gyara. Gobe nawa ya samu, ya 'yan uwa? Fiye da ɗari biyu. Allah yana yi masa jinkiri, shi kuwa ya ɗauka an manta da shi.

Ran wata Talata da hantsi, tsakanin sakamakon da ke tahowa daga Kwadon, wani ƙunshi ya shigo. Ba daga Kwadon yake ba. Har yau ba a san daga wace ƙasa aka aiko shi ba. Manhajar ta kwance shi, ta karanta umarnin da ke ciki, ta bi. Babu ƙararrawar da ta kaɗa. Nas-nas suna ta aikinsu. Mako uku ɓarawon yana ciki, yana kwasar bayanai a hankali kamar mai kwashe hatsi a rumbun da ba kowa.

Sai jerin marasa lafiyar asibitin ya ɓulla a intanet. Wani ya gani ya tura wa abokinsa, aboki ya jefa a zauren WhatsApp na unguwa. Kafin la'asar yana cikin kowace waya. Suna, unguwa, lambar waya, da ciwon da ke jikin mutum. Mutum dubu huɗu da wani abu.

Akwai Malam Sallau, mai gasa burodi a Hammadu Kafi. Shekara tara yana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, daga shi sai matarsa Barira suka sani. Yana cikin ƙoshin lafiya, yana ciyar da gidansa. Washegari ko burodi ɗaya ba a saya ba. Masu shayin da ke sara a wurinsa suka daina ɗaukar wayarsa. A masallaci wanda ke kusa da shi ya ja jiki gefe. Ya shige ɗaki. Ranar karɓar magani ta zo, ya ce ba zai fita a nuna shi da baki ba. Ba shi kaɗai ba ne. Da yawa sun ƙaurace wa asibiti saboda kunya. Kafin damina ta ƙare aka kai Malam Sallau makwancinsa.

Masu bincike suka zo. Mutuminmu ya ce ƙaddara ce, ɓarayin sun fi ƙarfin kowa. Sai suka buɗe akwatin saƙonninsa, suka karanta gargaɗin Jacinta da amsar da ya bayar, a gaban likita. Likita Bawa bai ɗaga murya ba. Ya dube shi kawai ya ce, "Ka rantse mini da Allah."

Aka rufe asibitin. Aka kai mutumin kotu, aka kulle ofishinsa. Waɗanda ke gayyatarsa jawabi suka goge lambarsa. Amma ba wannan ya hana shi cin abinci ba, haƙƙin mutanen da ke wuyansa ne. Ya je wurin wani malami yana kuka, ya ce yana son tuba. Malamin ya ce masa, abin da ke tsakaninka da Allah, ƙofarsa a buɗe take. Amma haƙƙin bayinsa, sai masu shi sun yafe.

Mutum dubu huɗu. Ta ina zai fara?

Ya fara da Hammadu Kafi. Ya yi sallama a ƙofar gidan Malam Sallau, ya durƙusa a ƙasa. Barira ta leƙo ta bayan labule.

Ya ce, "Inna, ni ne na yi wa asibitin nan manhaja. Na zo neman gafara."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ta ce, "Ɗan nan, ka yi ɓatan hanya. Wanda za ka roƙa yana maƙabarta. Je ka can ka gaya masa."

Ta saki labulen.

Ya 'yan uwa, bai fasa gidan kowa ba. Bai zari wuƙa ba. An ba shi amana, aka nuna masa inda take yoyo, girman kai ya hana shi toshewa, ya ɗora rantsuwar ƙarya a kai. Ku samarinmu masu aikin kwamfuta, duk abin da ya shigo muku daga waje baƙo ne. Ku tantance shi kafin ku buɗe, kada ku ba shi ikon yin umarni a gidanku. In na ƙasa da kai ya gyara maka, ka karɓa, ko wane ne shi. Ku kuma da kuka tura jerin nan daga waya zuwa waya, kuna tsammanin ba za a tambaye ku ba?

Ya Allah, ka rufa mana asiri duniya da lahira. Kada ka sa asirin wani bawanka ya tonu ta hannunmu. Ka kiyaye mu daga cin amana da girman kai, ka ba mu ikon gyarawa tun muna da sauran lokaci. Amin.