Wasiƙar Hakimi da Askin Nomau

Masu ba da labari sun ce a garin Tsamiyar Kura an yi wani wanzami, Nomau, wanda ya shekara talatin yana yi wa Dagaci Jibo aski, yana ƙara masa da tsokana kyauta. Wata Juma'a da hantsi ya zo da zabirarsa, ya tarar Dagaci ya haɗe rai, ga littattafai biyu a gefensa da 'yarsa ta aiko masa daga birni.

Dagaci ya ce, "Nomau, wasiƙar Hakimi ta ɓace, wadda zan karanta wa jama'a bayan masallaci. Wannan littafin na binciken kisan kai ya buɗe mini ido, ashe wanda aka fi yarda da shi shi ne mugu. Wancan kuwa na sarakunan dā ne, a ciki korar maci amana ake yi. Gama askin nan ka bar mini gari."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ka kai ƙarshen littafin?"

"Saura shafi goma. Me zan yi da su? Aminin attajirin ne ya kashe shi, ko makaho ya gani."

Nomau ya saci kallon littafin, ya hango bakin wata farar takarda ya leƙo daga ciki. Ya danne dariya, ya jiƙa kan Dagaci, ya ce, "To kada ka motsa, askar da kaifi. Ka taɓa jin labarin Tabawa mai fura?"

"Yaya labarinta?"

Nomau ya ce, "Wata rana Tabawa ta dama fura cike da ƙwarya, ta nemi ludayinta ta rasa. Ta cakumi Dudu, Bafulatanar da ta shekara goma tana kawo mata nono, ta ce, 'Ke kaɗai kika zauna nan!' Dudu ta ce, 'Sake ni, Yaya, kada ki yi irin ta Mantau.' Tabawa ta ce, 'Wane ne kuma Mantau?'

"Dudu ta ce, 'Wani ne da ya raka ɗan kokawar garinsu wasa. Da ya ga nasu ya ɗaga abokin karawarsa sama, bai tsaya ganin faɗuwa ba, ya sheƙa gida da albishir. Aka fito da makaɗa, mata na guɗa. Can sai ga gwanin nasu an ɗauko shi a kan jaki, ƙugu a goce, ashe shi aka maka da ƙasa. Mantau dai ɗagawa ya gani, bai ga saukewa ba. Ke ma shanye furarki tukuna.'

"Tabawa ta kafa kai don haushi. Da ta kai ƙasan ƙwarya, sai ga ludayi kwance, nutsewa ya yi. Ita dai furarta ba ta wuce cikin ƙwarya ba, ranka ya daɗe, taka kuwa shafi goma ce."

Dagaci ya yi tsaki, ya fizgo littafin ya buɗe inda ya tsaya. Wasiƙar Hakimi ta faɗo kan cinyarsa, ashe da ita ya yi alamar shafi.

Da rabin kai a aske ya zauna ya karance shafi goman, sabulu na bushewa. Can ya ɗago ya ce, "Kai! Ashe attajirin ma bai mutu ba, ɓuya ya yi. Aminin nan bawan Allah ne. Nomau, ka yafe ni. Daga yau ba na yanke wa kowa hukunci sai na ga ƙasan ƙwarya."

Nomau ya ce, "Na yafe. Amma a na sarakunan, me ake ba wanda aka zarga a banza?"

Dagaci ya sosa gefen da ba a aske ba, ya ce, "Shi ma ban gama shi ba."

Nomau ya wasa aska a tafin hannu, ya ce, "To karanta a hankali, Allah ya ja zamaninka. Jikina yana ba ni cewa doki ake ba shi."