Mutumin da Seelawathi Ta Kunyata a Taro

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da garin Polonnaruwa, sunanta Seelawathi. Mijinta ya rasu. Ɗanta tilo, Thilak, soja ne, an tura shi aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa mai nisa. Duk wanda ya shigo gidanta sai ta nuna masa hotonsa cikin kaki.

Maƙwabcinta Piyadasa tsohon malamin makaranta ne. Ranar taron ƙauye ya miƙe ya ce a rage kuɗin da ake kashe wa soja, a dawo da yara gida, a zuba magani a asibiti.

Seelawathi ta taso masa a gaban jama'a.

"Kai da kare zai yi haushi ka ɗare bishiyar kwakwa, kai ne za ka koya wa sojoji aiki? Ɗana yana can rana na dukansa, kai kana nan kana neman cire masa abinci daga baki!"

Aka kwashe da dariya, har da masu tafi.

"Akka, ba haka nake nufi ba," in ji Piyadasa, wanda yake kiranta Akka, wato yaya.

Daga ranar ko gaisuwarsa ta daina amsawa.

Ana gab da girbi aka dawo da Thilak. Motarsu ta taka nakiya, an yanke masa ƙafar dama. Masu tafi suka zo jaje sau ɗaya, suka watse. Shinkafa ta nuna a gona har ta fara zuba, babu mai yanka.

Wata safiya ta hango mutum sunkuye cikin gonarta da lauje. Ta ƙarasa. Piyadasa ne, gumi ya jiƙa shi sharkaf, tafin hannunsa duk ya ɗaye.

"Malam, bayan abin da na yi maka?"

"Akka, ni na riƙe hannun Thilak ya rubuta sunansa na farko. Ban taɓa ƙin soja ba. Irin wannan dawowar nake tsoro."

Ta zauna a bakin gona ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye ta ce, "Har yanzu ban yarda da duk maganarka ba."

"Ba sai kin yarda ba. Riƙe min damin nan."

Bayan shekaru idon Piyadasa ya mutu, ga shi ba ɗa ba jika. Thilak, wanda ya samu keke mai ƙafa uku yana haya, shi yake kai shi asibiti. Suna tafe suna musu a kan kuɗin soja, har su dawo ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa. A ƙofar gida Thilak ya kama hannunsa ya ce, "A hankali, Baba, akwai tudu."

Darasi: Wanda ra'ayinsa ya saɓa da naka ba maƙiyinka ba ne. Wataƙila abin da kake so shi ma yake so, hanya ce kawai ta bambanta. Ku tura wa wanda musu ya raba ku.