Tururuwa a Nonon Hajaratu

Akwai wata mata a Mabai ta ƙasar Ƙanƙara, sunanta Hajaratu. 'Yar Sabuwa ce, aure ya kawo ta gidan Kamilu, wani manomin gyaɗa da dawa. Mace ce mai kunya, ko muryarta ba ka cika ji a tsakar gida ba.

Da ta yi cikin fari ba ta samu zuwa gida wanka ba, don a lokacin hanyar Sabuwa ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Sai ta haihu a hannun uwar mijinta, Hajiya Fatsuma, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Inna ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Amma fa in ta kafe a kan abu, ko limamin gari ka kawo ba ta motsawa.

A gidan akwai al'adar gwajin nono. Kwana uku da haihuwa sai a tatsi nonon mai jego a ludayi, a kamo tururuwa a jefa ciki. In ta fita da ranta, nono lafiya. In ta mutu, sai a ce nonon na da ciwo. A cire jariri daga mama, a riƙa ɗura masa madarar akuya, ita kuma uwar a jiƙa mata sassaƙe ta yi ta sha.

Haka aka yi wa ɗan Hajaratu na fari, Almu. Tururuwa ta mutu, aka raba shi da nono. Gudawa ta kama shi, kwanansa ashirin da huɗu a duniya ya koma. Abin da ya fi ci mani rai, ko kuka Hajaratu ba ta yi a gaban mutane ba, wai ɗan fari ne, akwai kunya. Aka ce kwanansa ne ya ƙare, aka rufe maganar.

Bayan shekara biyu Allah ya sake ba ta ɗa namiji.

Ran kwana uku da hantsi, ɗaki cike da matan unguwa 'yan barka, sai ga Inna ta shigo. Ludayi a hannu ɗaya, ƙoƙon madarar akuya a ɗayan. Ku ji fa, tun kafin a yi gwajin har ta tatso akuyar.

"Tatso mani nan," in ji Inna.

Hajaratu ta matsa da ƙyar. Ɗan kaɗan ya fito, mai kauri, ruwan ɗorawa. Inna ta kamo tururuwa a jikin bango ta jefa. Tururuwar ta yi 'yan mutsu-mutsu, ta maƙale, shi ke nan.

"Ai na sani," Inna ta ce. "Irin na wancan karon ne. Miƙo mani shi."

Hajaratu ta ƙara ƙanƙame ɗanta. "Inna, ba zan ba da shi ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Ke ɗiyar nan, kanki ɗaya?"

"Kaina ɗaya, Baba. Tambaya ɗaya gare ni. Ni an gwada nawa. Ita akuyar, wa ya gwada nata?"

Kafin wani ya ce uffan, ta miƙe da ɗanyen jikinta, jariri a kafaɗa. Ta kamo tururuwa a bangon nan dai, ta jefa a tsakiyar ƙoƙon madarar akuya. Mata suka leƙo. Tururuwa ta yi ta zagaye, ta kasa kai bakin ƙoƙo, ta daina motsi.

"Wannan dama raguwa ce," in ji Inna.

"To ki zaɓo da hannunki, Inna."

Inna ta zaɓo wata ƙatuwa ta jefa. Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Wata mata ta toshe baki da mayafi, dariya na cin ta.

Hajaratu ta ce, ba ta ko sunkuyar da kai ba, "Ke nan akuyar ma nononta na da ciwo. Wanne za a ba shi? Wancan na miƙa da hannuna ban ce komai ba, aka kai shi maƙabarta. Wannan kam, wallahi sai dai a ce ba ni da kunya."

Inna ta fusata, amma tsohuwa ce mai wayo, ta san inda za ta taɓa.

"To, na ji, mai baki. Naki nonon ina yake? Ko cokali biyu ba ki tatsa ba. Yaro na tsala kuka tun jiya. Taurin kanki zai sha? Na ba ki zuwa ranar suna. In bai ƙoshi ba na karɓe shi, kuma ba mai hana ni."

A nan fa Inna ta faɗi gaskiya. Nonon bai zo ba, yaron kuma kuka yake. Kwana huɗu suka rage.

Da mata suka watse, mutum ɗaya ta tsaya. Mama Rifkatu ce, wata dattijuwa Kirista daga Damari, wadda 'yan bindiga suka tasa daga gida ta zo ta zauna a bayan gidan su Kamilu. Ta san mahaifiyar Hajaratu tun a can ƙasar Sabuwa, kuma 'ya'ya shida ta shayar.

Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ɗiyata, tun da kika haihu me kika ci?"

"Kunun kanwa, Mama. Tuwon ba ya wuce mani. Da na tuna ludayin nan sai maƙogwarona ya toshe."

"Kai, kai! Kwana uku ba ki ci ba, ga fargaba, ki ce nono bai zo ba? Daga sama zai zubo?"

Sai ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce wannan mai kaurin da ake ƙyama shi ne dakashi, nonon farko, kuma shi ne ya fi komai amfani ga jariri. Kowace mace da shi take farawa, kaɗan yake zuwa, danƙonsa ne ke kama tururuwa. Ta ce babban abin da ke kawo nono shi ne tsotso.

"Ko motsi ya yi, sa mashi. Wannan ɓangaren, sannan wancan. Kada ki jira sai ya cika. Kuma duk zaman da za ki yi ki ba shi, ki ajiye kofin ruwa kusa ki shanye. Sai ci. Kunun gyaɗa da safe, mai kauri. Fura da nono da rana. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Faten wake. In an samu ƙashi a yi maki romo. Kanwar nan kuma ki rage ta. Da ɗiyata ta haihu a asibiti, ma'aikaciyar ta ja mana kunne a kanta, ta ce yawanta na wahalar da zuciyar mai jego."

Inna na jin su daga tsakar gida. Ta ɗaga murya ta ce, "Ikon Allah! Yau baƙuwar da ta zo jiya ce za ta koya mani jego a gidana?"

Mama Rifkatu ta leƙo ta ce, "A'a, Hajiya, ni wa? Kunu kawai zan dama."

Matsalar ita ce gyaɗar gidan duk an sayar, saura buhu ɗaya na iri. Da Kamilu ya dawo daga gona, ya tarar labari ya riga shi har majalisa. Ya shigo rai a ɓace.

"Me ya kai ki ja da Inna a gaban mutane?"

"Malam, faɗan ka ajiye shi sai bayan suna, zan tsaya ka yi. Yanzu buhun gyaɗar nan nake so ka kwance."

"Ta iri ce fa."

"Na sani. In damina ta zo ka nemi iri wurin 'yan'uwanka, za su ba ka. Wannan in ya tafi, wurin wa za ka nemo shi?"

Kamilu ya dubi jaririn, ya daɗe yana kallo. Sai ya fita. Can sai ga shi da kwano cike da gyaɗa, ya miƙa wa Mama Rifkatu ta kan katanga.

Daga ranar Hajaratu ta mai da ci aikinta. Ba don yana mata daɗi ba. Tana kuka tana haɗiyar kwaɗon zogale, jariri manne a ƙirji. Kan nonon ya yi ciwo, ta cije. Mama Rifkatu ta gyara mata riƙon, ta nuna mata yadda zai buɗe baki sosai ya kama, ciwon ya ragu. Ta kuma ce ta riƙa duba tsummansa, in yana jiƙawa to yana samu. In ya daina fitsari ko jikinsa ya saki, ba jiran suna, ba jiran kowa, asibiti za su nufa.

Ran kwana huɗu yaro bai daina kuka ba. Inna ta tatso akuya, ta dire ƙoƙon a bakin ƙofar Hajaratu ta koma gefe ta zauna, tana jira.

Kun san abin da baiwar Allahn nan ta yi? Hajaratu ta ɗauki madarar, ta ba Mama Rifkatu ta tafasa, ta juye a kununta na gyaɗa, ta shanye tas a gaban Inna. Ta goge baki ta ce, "Na gode, Inna. Zai sha, amma ta wurina za ta bi."

Ni dai da ina wurin da na yi guɗa.

Ran kwana biyar da safe Hajaratu ta ji ƙirjinta ya yi nauyi, gaban rigarta ya jiƙe. Ta sa yaron. Karon farko ta ji ƙarar haɗiyarsa, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Ya sha har ya saki da kansa, ya yi gyatsa, barci ya kwashe shi. Ta zauna tana kallon sa, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Ranar suna aka raɗa masa Jabiru. Mata suka cika gida, kuma kowa ta san wa'adin da aka ɗiba. Inna ta shigo ta ce a ba ta shi. Hajaratu ta miƙa, amma idonta na kan hannun tsohuwar. Inna ta taɓa cikinsa, ta duba tsummansa, ta ga nono na dalala ta gefen bakinsa. Ta mayar wa uwar da shi, ta fita.

Sai bayan la'asar, da jama'a suka ragu, ta dawo ita kaɗai. Ta zauna a tabarma, ba a kan gado ba. Ta zuba wa Jabiru ido yana tsotso.

"Hajaratu."

"Na'am, Inna."

"Ni ma haka aka yi mani. Uwar mijina ce ta riƙe ludayin. Haihuwa huɗu na yi. Sau uku tururuwa na mutuwa, ukun duka aka cire mani su, ukun duka na binne. Mijinki kaɗai ta fita a kansa, shi kaɗai na shayar." Ta sake cewa, "Shekara arba'in ina cewa ciwon a jikina yake."

Hajaratu ba ta taɓa jin wannan ba. Ko Kamilu bai sani ba.

Tsohuwa ta ɗago, idonta ya cika. "Wato ni ma nonona lafiyarsa ƙalau?"

Me za ka ce wa uwa a kan irin wannan tambaya? Hajaratu ta ji tausayinta har cikin rai, amma ba ta yi mata ƙarya ba, ba ta kuma janye ba.

"Allah kaɗai ya sani, Inna. Naki uku, nawa ɗaya. Allah ya sa masu cetonmu ne. Amma a gidan nan an gama."

Inna ta sa bakin zane ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar maganar ta fito.

"An gama, ɗiyata. Huɗu sun isa."

Darasi: Ba kowace al'ada da muka tarar ce gaskiya ba, kuma girmama manya bai ce uwa ta yi shiru ran ɗanta na cikin haɗari ba. Nonon farko ba ciwo ba ne, kada a zubar, kada a raba jariri da shi. Mai jego ci take buƙata, da ruwa, da kwanciyar hankali, da yawan sa wa jariri mama. Ku dama mata kunun gyaɗa, ku ba ta fura da nono, zogale da wake, ku daina tsorata ta. In kun ga jariri ba ya samun isasshe, asibiti za ku kai shi, ba wurin tururuwa ba. Ku tura wa masu jego da surukai da mazaje, don har gobe akwai gidan da ake riƙe da ludayin nan.