Guntun Katakon da Injiniya Ya Zare

Akwai wani magidanci da kowa ke kira Injiniya, har matarsa, har mahaifiyar da ta haife shi. Injiniyan gini ne na gaske, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya kawar da kai. In ya zo gidanka gaisuwa, kana kawo masa ruwa yana gyara maka zaman agogon bango. A bayan motarsa kullum akwai ma'aunin magina, wannan sandar mai ɗan ruwa a tsakiya da ke nuna ko abu ya zauna daidai.

Yana da ƙane, autan gidansu, wanda boko bai karɓe shi ba, sai ya koyi gyaran firji da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Shekara goma sha biyu Auta ya yi a wannan sana'a, da shagonsa, da matarsa, da 'ya'ya biyu. Amma a idon Injiniya har gobe yaron nan ne da ya faɗi jarrabawa sau biyu. In zai gabatar da shi ga abokansa sai ya ce, "Ƙanena ne, yana ɗan taɓa wanke-wanken esi."

Auta yakan yi murmushi kawai ya miƙa hannu.

Da ciwon ƙafa ya matsa wa mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, Injiniya ya dawo da ita gidansa, ya ba ta ɗakin da ke kusa da falo. Ɗaki ne mai kyau da tayil mai sheƙi, sai dai rana tana dukan bangonsa tun daga tsakar rana har yamma. Sai ya sayo mata sabon esi, irin na taga. In za a faɗi gaskiya, mutumin nan yana son uwarsa. Ba a nan matsalarsa take ba.

Ranar Asabar Auta ya zo da akwatin kayan aikinsa. Ya cire gilashin gefe ɗaya na tagar, ya kafa ƙarafan da za su riƙe nauyin daga waje, ya zura esin, ya toshe gefe da gefe da soso don kada sanyi ya tsere. Daga ƙarshe ya yanko wani guntun katako, ya auna shi da fensir, ya cusa shi a ƙarƙashin gaban esin ta cikin ɗaki. Gaban ya ɗan ɗaga, bayan ya ɗan sunkuya waje, kamar kaurin yatsa.

Ya kunna. Sanyi ya fara sauka. Inna ta lumshe ido tana sa masa albarka. Kawunsu, ƙanen Inna, wanda ya zo duba ta, ya matso da kujerarsa yana cewa shi ma nan zai tare.

A daidai lokacin Injiniya ya shigo. Bai ji sanyin ba. Katakon ya gani.

"Wannan kuma mene ne?"

"Yaya, da gangan na sa shi."

Injiniya ya fita zuwa mota, ya dawo da ma'auninsa, ya ɗora a kan esin, ya kira matarsa da Kawu su zo su gani da idonsu. Ɗan ruwan nan ya gudu gefe guda.

"Kun gani ko? Sabon abu fil, ya zaunar da shi kamar hular ɗan tasha. Ya kuma tokare shi da itacen girki."

"Yaya, dole ne ya ɗan karkata waje, saboda ruwan da..."

"Ruwa? Ni za ka koya wa ruwa? Ka san magudanun ruwa nawa na zana kafin ka iya riƙe sukudireba? Abin da ya hana ka cin jarrabawa ke nan, komai sai ka yi shi rabi da rabi, sannan ka kawo dalili."

Auta ya buɗe baki, ya dubi Inna, ya rufe. Ya tattara kayansa a hankali. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Don Allah dai kada a taɓa katakon nan, Yaya." Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Kun san irin mutanen nan. Da a ce Auta bai roƙa ba, da wataƙila katakon ya tsira. Da yamma, Inna tana falo, Injiniya ya shiga ɗakin shi kaɗai, ya ɗaga gaban esin da kafaɗa, ya zare katakon, ya jefar da shi bayan ƙofa. Ya ɗora ma'auni, ɗan ruwan ya tsaya cak a tsakiya. Ya ja da baya yana kallon aikinsa, ransa fari tas. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba wani abu ya yi ba illa gyara kuskuren yaro.

Washegari matarsa ta tsinci katakon tana shara. Ƙofar ɗakin Inna tana da halin bugowa in iska ta taso, sai ta tokare ta da shi. A nan ya zauna, ana wucewa ta kansa safe da yamma.

Bayan kwana goma sha shida, da safe, Injiniya yana ɗaura agogo zai fita aiki, sai ya ji ƙarar faɗuwa, ya ji salatin Inna. Ya same ta a ƙasa kusa da taga, ta riƙe hannun dama, zaninta ya jiƙe. Ruwa ne kwance a kan tayil, yana ɗiga daga gaban esin, yana bin bango.

A asibiti aka ce wuyan hannun ya karye. Aka sa mata filasta, aka ce sai bayan mako shida. Tun a farfajiyar asibitin Injiniya ya kira Auta a waya, da muryar da ta sa masu jiran likita suka waiwayo.

"Aikinka ya karya wa Inna hannu! Ka zo gidana yanzu ka ga abin da ka yi!"

Bai jira amsa ba ya kashe. Ya kira Kawu, ya kira yayarsu da ke aure a nesa, ya gaya wa kowa abu ɗaya. Kafin su iso gida, dangi kaf sun ji cewa Auta ya yi aikin banza ya karya tsohuwa.

Suka kwantar da Inna a gado. Kawu ya iso yana huci, ya zauna. Matar Injiniya ta kawo tsumma tana goge sauran ruwan. Shi kuwa yana ta kai da komo, yana shirya kalaman da zai wanke Auta da su. Sai ƙafarsa ta yi tuntuɓe da wani abu a bakin ƙofa.

Ya duba ƙasa. Guntun katako ne, da layin fensir a jikinsa.

A nan maganar da ya katse ta dawo masa cikakkiya. "Saboda ruwan da..." Ya dubi katakon, ya dubi esin da ke zaune daram yadda shi ya zaunar da shi, ya dubi sawun ruwa a bango. Shi da ya zana magudanu, ya fi kowa sanin cewa ruwa ba ya tafiya sai an ba shi gangare.

Abu na farko da ya zo masa, kuma abin da ya fi jin kunyarsa daga baya, shi ne ya ɗauke katakon ya mayar kafin Auta ya zo. Amma ta yaya, ga Kawu, ga Inna, ga matarsa? Abu na biyu shi ne ya yi shiru. Babu wanda ya gan shi. Kowa ya riga ya san wa ke da laifi.

Ya zaɓi shirun.

Auta ya shigo a guje, da kayan aiki a jikinsa, baƙin mai har gwiwar hannu. Bai kalli kowa ba, ya durƙusa gaban gadon. Da ya ga filastar sai idonsa ya cika.

"Inna, sannu. Sannu, Inna."

Kawu ya taso masa. "Sannu za ta ɗora mata ƙashi? An gaya maka aikin nan bai yi ba, ka tsaya gardama da wanda ya fi ka sani. Ga shi nan. Uwarka ma ba ka iya yi mata aikin kirki ba, ina ga mutanen gari?"

"Ku bar shi haka," in ji Inna. Muryarta a raunane take. "Laifina ne. Tun kwana uku da sa shi yake zubar da ruwan nan. Kullum da sassafe nake gogewa kafin kowa ya shigo. Da rana kuma in kashe shi, in zauna da mafici."

"To me ya hana ki faɗa?" in ji Kawu.

"Na ga yadda aka yi masa ranar nan. Na ce in na faɗa, wani sabon faɗan ne. Gara in goge."

Injiniya ya jingina da bango. Kwana goma sha uku tsohuwa mai ciwon ƙafa tana durƙuso da tsumma a gidansa, tana shan zafi da sabon esi a kanta, don ta kare ɗanta daga bakinsa.

Auta ya miƙe ya je taga. Ya leƙa ƙarƙashin esin, ya shafa wurin da yatsa. Ya waiwayo yana duba ƙasa, har idonsa ya kai bakin ƙofa. Ya je ya sunkuya ya ɗauki katakon, ya juya shi a hannu. Sannan ya ɗago ya dubi yayansa.

Kallo ɗaya ne, bai daɗe ba. Injiniya ya gane cewa ya sani. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya cancanta, don da shi ne a matsayin Auta, da unguwar nan kaf sai ta ji.

Auta ya koma taga, ya ɗaga gaban esin, ya mayar da katakon. Ya cire murfin gaba, ya ce a ba shi buta. Ya zuba ruwa a hankali a cikin farantin da ke ƙasan injin. Kowa ya ji ruwan yana sauka a waje, a kan siminti. Ko ɗigo bai dawo ɗaki ba.

"Esi yana tsotse damshin ɗaki ne, Kawu, ya tara a nan. In ya karkata waje sai ya zubar a waje. Katakon ne ya fita. Yanzu zan kafe shi da ƙusa."

"Ya fita! Da ka kafe shi tun farko ai da ba a kai ga haka ba," in ji Kawu.

"Haka ne, Kawu. A yi haƙuri."

Inna ta miƙo hannunta mai lafiya wajen babban ɗanta. "Injiniya, ka yafe masa, ka ji? Don ni. Kada ka ƙara yi masa faɗa."

Wannan ce ta gama da shi. Da zagi ne, da ya iya ɗauka. Amma a ce uwarsa, da karyayyen hannu, tana roƙonsa ya yafe wa wanda shi ya zalunta, wannan ya fi ƙarfinsa.

"Ni na zare shi."

Bai fito da kyau ba, sai da ya maimaita.

"Katakon bai fita da kansa ba. Ni na zare shi, a ranar, bayan ya roƙe ni kada a taɓa. Ya so ya yi mini bayani, na hana shi magana. Tun ɗazu na gane, na kuma yi shiru ina kallo ana zaginsa. Ni na karya ki, Inna."

Matarsa ta dafe baki. Kawu ya cire hula ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa. Inna ta daɗe tana kallon Injiniya. Sai ta juya ga Auta ta ce, "Ni ma ka yafe mini. Ina gogewa, amma a zuciyata na ɗauka kai ne."

A nan Auta ya kasa riƙe hawayen da ya riƙe tun shigowarsa.

Injiniya ya fito da waya a gabansu. Ya kira yayarsu, ya kira duk wanda ya kira da safe, ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da ya faɗa a ɗakin. Kowane kira ya fi na baya nauyi. Da ya gama ya je ya tsaya kusa da ƙanensa, ya rasa ta inda zai fara.

Auta ya share fuska da bayan hannu, ya ɗauko ƙusa da sukudireba.

"Yaya, ɗan tallafe mini nan. A'a, ɗaga sama kaɗan. Yawwa, tsaya haka."

Injiniya ya tallafe, ya ɗaga, ya tsaya haka.

Mako shida shi ya riƙa ba Inna abinci a baki kafin ya fita aiki. Hannun ya warke, amma har yau ba ta iya ɗaga cikakkiyar buta da shi, kuma duk lokacin da ya ga ta sauya hannu sai ya kawar da kai.

Esin yana nan a karkace. Kwanaki wani abokin aikinsa ya shigo gaida Inna, ya kalle shi ya yi dariya, ya ce, "Injiniya guda, a gidanka abu ya zauna haka?"

"Haka ake sa shi," in ji Injiniya. "Ƙanena ne ya sa. Ya fi ni sani."

Darasi: Sanin da kake da shi a fanninka bai ba ka sanin fannin wani ba. Ka bar mai sana'a ya ƙarasa maganarsa, ko da ƙanenka ne, ko da ka fi shi takardu. Kuma ka kula da harshenka a gida, domin in mutanenka suka fara ɓoye maka matsala saboda tsoron bakinka, wanda ka fi so shi zai ji ciwo. In wannan labari ya tuna maka da wani da ka taɓa katse wa magana, ka neme shi yau, sannan ka tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.